Kyamarar 'yan sanda, gidan bene da magudanar ruwa: wa ya fahimci lissafin kansiloli?

Mai_Sa'ido:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya na halarci zaman majalisar ƙaramar hukumarmu, karo na farko a rayuwata, saboda an ce za a tattauna batun magudanar ruwan layinmu. Awa uku na yi a zaune. Cikin minti goma suka amince a sayo wa 'yan sanda motocin sintiri biyu da kyamarorin nan da ake maƙalawa a ƙirji. Daga nan aka kwashe sama da awa guda ana ja-in-ja kan wani mai fili da ya nemi izinin gina bene mai hawa huɗu, gida goma sha biyu, a wurin da dokar tsara gari ta ce gida ɗaya kawai za a yi. A ƙarshe aka hana shi. Da aka zo kan magudanar ruwa, ma'aji ya gyara tabarau ya ce bana babu kuɗi, sai kasafin baɗi. Ko minti biyu ba a yi ba. Ni ne ban gane ba, ko kuwa an bar jaki ana dukan taiki?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Malam, tsaro ne gaba da komai. Wanda ɓarayi suka hana barci ba ya tunanin kwata.

Uwar_Biyu:
Baban_Ummi, wanda ruwa ya shiga ɗakinsa cikin dare shi ma ba ya barci, ka tambaye ni. Bara da katifar yara a ka muka kwana.

TsohonMa'aji:
Bari in sa baki, don na shekara goma sha huɗu ina riƙe da littafin kuɗi na wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya. Mai_Sa'ido, abu na farko da za ka bincika shi ne: kuɗin motocin nan daga wane aljihu ya fito? Sau da yawa irin wannan sayayya tallafi ne daga gwamnatin sama, kuma an ɗaure shi da sharaɗi, in ba kayan tsaro za a saya ba sai a mayar da kuɗin. In haka ne, ma'ajinku bai yi ƙarya ba da ya ce babu kuɗin magudana. Amma akwai abin da ba ya faɗa. Tallafi yana sayen mota, ba ya sayen mai, ba ya sayen taya, ba ya biyan makanike. Waɗannan duk daga asusun yau da kullum za su fita, shekara bayan shekara, kuma asusun nan ne dai wanda ake yashe kwata da shi. A zamanina an taɓa ba mu motoci kyauta, aka yi biki aka yanka zare. Bayan shekara uku biyu daga ciki suna bayan ofis a kan duwatsu, an cire tayoyin an sa wa ta ukun, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Ban taɓa ganin kansilan da ya tambayi kuɗin riƙon abu ba kafin ya ɗaga hannu. Farashin saye kawai suke tambaya.

Dan_Gudun_Haya:
Ni batun benen ne ya fi ci mini rai. Iyali goma sha biyu ne fa aka hana wurin zama. Ina da tabbacin duk waɗanda suka tashi suka yi magana a zaman nan masu gidan kansu ne. Ɗan haya yana wurin aiki a lokacin.

Mai_Sa'ido:
Gaskiyarka. Mutum bakwai suka yi magana, shida a kan a hana. Zaman kuma ƙarfe goma na safe aka yi, ranar aiki.

Hajiya_Mai_Lambu:
To ni ina cikin irin shidan nan, kuma ba na jin kunya. Shekara ashirin da biyu ina cikin gidana. Aka gina mai hawa uku jikin katangata. Yanzu in na fito tsakar gida shanya, taga tara ke kallona. Rana ba ta shigo mini sai azahar, bishiyar lemona ta daina 'ya'ya. Famfo da yake zuwa da ƙarfi yanzu sai tsakar dare yake ɗiga, don bututun da aka shimfiɗa wa gida ashirin yau gida sittin ke ja. Ku da kuke cewa a gina a gina, ku zo ku zauna a ƙarƙashinsa wata guda.

Dan_Gudun_Haya:
Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri, ban raina damuwarki ba. Amma 'ya'yanki in sun yi aure ina za su zauna? Unguwar da kika rene su ba za su iya kama haya a cikinta ba.

Injiniya_Ruwa:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan famfo, sai dai laifin ba na benen ba ne, na wanda ya ba da izini bai faɗaɗa bututu ba ne. Ga lissafin da nake so Mai_Sa'ido ya kai wa kansilolinsu. Titi mai tsawon mita 100, da kwatarsa da bututunsa da fitilunsa, kuɗin gyaransa kusan ɗaya ne ko gida goma ke bakinsa ko gida arba'in. Bambancin shi ne mutum nawa za su raba nauyin. In ka hana gini ya tashi sama, garin ba ya daina girma, gefe yake bazuwa. Iyalan nan goma sha biyu za su tafi bayan gari, kowa ya yi gidansa, sannan su dawo wa majalisar nan suna neman titi, ruwa, makaranta, motar shara, har da ofishin 'yan sanda. Ka ga motar sintirin da aka amince a sayo jiya za ta ƙara zagayen kilomita da yawa ke nan da man da ba a ƙara ba. Abubuwa ukun da ka gani a kan tebur guda, asusu guda ne, su ne dai ba su haɗa su ba.

Dubi Detroit a Amurka. A 1950 mutum sama da miliyan 1.8 ne a birnin, zuwa 2010 sun koma kimanin 700,000. Mutane sun ragu, amma titi bai gajarta ba, bututu bai ragu ba. A 2013 birnin ya ayyana fatara da bashin kusan dala biliyan 18, a lokacin kuwa kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titinsa ba sa kamawa. Akwai wasu dalilan, rufe masana'antun mota da bashin fansho, amma ƙarancin mutane a kan shimfiɗaɗɗen gari yana ciki.

Sarkin_Shakka:
Injiniya, a takarda lissafinka ya fita. A ƙasa kuwa, harajin da benen zai kawo wa ya ce kwata za a yi da shi? Sai dai a ƙara sayen wata motar.

Baban_Ummi:
Ku dai kun raina kayan aikin 'yan sanda. Ranar da aka fasa shagon ƙanena mun kira, suka ce motarsu ba ta tashi. Da ƙafa suka zo bayan awa biyu. Yanzu an saya musu kuma ana ƙorafi.

TsohonMa'aji:
Baban_Ummi, ai labarinka shaida ce a gare ni. Mota suna da ita. Tashi ne ba ta yi.

Lauya_Ba_Riga:
Wani gyara kaɗan, don na ga ana magana kamar ko'ina tsarin ɗaya ne. A Amurka birni ne ke da 'yan sandansa, majalisar birni ce ke yanke musu kasafi, shi ya sa rigimar kayan aikinsu take a zauren kansiloli. A Najeriya kuwa sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal, ta tarayya, saboda haka abin da jiha ko ƙaramar hukuma ta saya musu gudummawa ce, ba ta da ikon cewa ga yadda za a yi amfani da shi. Wannan bambanci ne babba. Wanda ya saya kuma yake da ikon tuhuma daban, wanda ya saya ya miƙa makulli ya koma gefe daban. Sannan sai ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. Kafin ka zargi kansila da rashin iya kasafi, ka tabbata kuɗin yana isowa hannunsa tukuna.

Mai_Sa'ido:
Lauya, na gode. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba wanda ya yi ko tambaya ɗaya kan kyamarorin. Shin suna ma aiki kuwa?

Kanwar_Lissafi:
Yaya Mai_Sa'ido, amsar ita ce wani wuri e, wani wuri a'a. A wani ƙaramin gari da ake kira Rialto a California an gwada su daga 2012 zuwa 2013, amfani da ƙarfi ya ragu da wajen kashi 60 cikin 100, ƙorafin jama'a kan 'yan sanda ya faɗi da kusan kashi 90. Wannan sakamakon ne ya sa garuruwa suka yi ta rububin saye. Sai kuma aka yi gwaji mafi girma a Washington, babban birnin Amurka, da 'yan sanda sama da 2,000, aka fitar da sakamako a 2017: kusan babu wani bambanci tsakanin masu kyamara da marasa ita. Ni abin da na ɗauka shi ne kyamara ba ta da hali nata na kanta. Wa ke da ikon kashe ta? In ɗan sanda ya kashe ta daidai lokacin da ake rikici, me za a yi masa? Wanda aka zalunta zai iya neman a nuna masa hoton, ko sai in hoton ya wanke ɗan sanda ne ake fito da shi? In majalisarku ba ta rubuta waɗannan ba, ado kawai ta saya.

Kuma maganar Baba TsohonMa'aji ta fi kama kyamara fiye da mota. Ita kyamarar ba ta da tsada sosai. Ajiye bidiyon ne ke cin kuɗi, don kullum ƙaruwa yake, kuma yawanci kamfanin da ya sayar da kyamarar shi ke karɓar kuɗin ajiya duk shekara. Ga albashin wanda zai zauna yana tace bidiyo kafin a kai kotu.

Sarkin_Shakka:
Wato an sayar maka da akuya da arha, dusa kuma sai a wurinsa za ka saya har ta mutu.

Zaki_Mai_Barci:
Tunda an shiga Amurka, ku tuna da shirin nan nasu mai lamba 1033, wanda tun 1997 ma'aikatar tsaro ke ba 'yan sandan garuruwa ragowar kayan soja kyauta. Kayan da aka raba sun haura na dala biliyan 7. Har ƙananan garuruwa suka samu motoci masu sulke irin waɗanda aka ƙera don nakiyoyin Iraƙi. Garin da ya karɓa shi zai biya kuɗin ɗauko ta da gyaranta. Duniya ba ta farga ba sai a watan Agusta 2014, da ɗan sanda ya harbe wani matashi mai suna Michael Brown a garin Ferguson, aka ga 'yan sanda cikin shigar yaƙi sun tare masu zanga-zanga. Obama ya taƙaita shirin a 2015, Trump ya ɗage takunkumin a 2017. Abin da ya burge ni shi ne dokar da California ta yi a 2021, wadda ta ce 'yan sanda ba za su mallaki kayan soja ba sai majalisar garin ta amince a zaman da jama'a za su iya halarta. Ko ba komai dole a yi maganar a fili.

Baban_Ummi:
Mu fa motar sintiri ake magana, ba tankar yaƙi ba. Kun tafi da nisa.

Zaki_Mai_Barci:
Haka ne Alhaji, na yarda na ɗan zarce. Amma tambayar ɗaya ce: wa ya ce ana bukata, kuma wa zai dawo bayan shekara ya duba ko ya yi amfani? Chicago ta yi shekaru tana biyan kuɗin ShotSpotter, na'urar da ke jin ƙarar bindiga ta sanar da 'yan sanda. A 2021 babban mai binciken birnin ya duba, ya ga cikin kiraye-kirayen da na'urar ta jawo, kusan 9 cikin 100 ne kawai aka samu shaidar laifin bindiga. Aka daina amfani da ita a 2024, kuma har a lokacin kansiloli da yawa suna son a ci gaba, suna cewa tana sa a kai wa wanda aka harba ɗauki da wuri. Ka ga ko da alƙaluma a hannu ba a daina gardama ba, balle babu.

Hajiya_Mai_Lambu:
An bar maganata an koma bindiga. Ni dai ba wanda ya ba ni amsar tagogi tara.

Mai_Zanen_Gida:
Hajiya, ranki ya daɗe, ga amsa daga mai sana'ar. Abin da aka yi miki rashin ƙa'ida ne, kuma ana iya kauce masa ba tare da an hana bene ba. Ana sa sharaɗi a ja ginin baya daga katangar maƙwabci, hawa na sama ya ƙara ja ciki kamar matakala, tagogin da ke fuskantar gidan wani a ɗaga su sama da kai ko a sa musu gilashi mai duhu, baranda ta kalli titi. Ana kuma sa mai ginin ya biya kuɗin faɗaɗa bututu da ƙara tiransifoma kafin a ba shi takarda. Matsalar majalisu da yawa ita ce amsa biyu kawai suka sani, e ko a'a. Da sun ce wa mutumin nan ya yi hawa uku, gida takwas, ya kuma gina kwatar gaban filinsa har mahaɗa, da Mai_Sa'ido ya koma gida da rabin magudanarsa.

Kuma a daina ɗauka cewa cunkoso sai dogon bene. Paris tana da mutum wajen 20,000 a kowace murabba'in kilomita, alhali yawancin gine-ginenta hawa shida ne zuwa bakwai.

Hajiya_Mai_Lambu:
Da an yi mini haka da ban yi magana ba. Amma wa zai tabbatar an bi? Na kusa da ni takardar hawa biyu aka ba shi. Na ukun cikin hutun ƙarshen shekara ya ɗora.

Sarkin_Shakka:
Yawwa. Nan ne gizo ke saƙar. Majalisar da ba ta da jami'in duba gini ko ɗaya mai abin hawa, ita za ta sa ido kan hawa huɗu? Ku tuna gobarar benen Grenfell a Landan, 2017, mutum 72 suka mutu saboda abin da aka lulluɓe bangon da shi mai kama wuta ne. A Landan fa. In kuɗin kyamarar nan aka ɗauki masu duba gini biyu da shi, sai in yarda a ƙara hawa.

Dan_Gudun_Haya:
To amma hanawar ma ba ta hana cunkoso, ɓoye shi take yi. Gidan da nake ciki a takarda na iyali ɗaya ne. Mu iyali biyar ne, an yanka falo da katako, banɗaki biyu, mita ɗaya, kullum faɗa kan kuɗin wuta. Mutane ba sa ɓacewa don kansila ya ce a'a.

Kanwar_Lissafi:
Akwai wuraren da suka gwada buɗe ƙofa. Auckland ta New Zealand a 2016 ta sassauta doka a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama, gine-gine suka ƙaru sosai. Birnin Minneapolis na Amurka a ƙarshen 2018 ta soke dokar gida ɗaya a fili ɗaya, ta yarda a yi har uku. Daga 2017 zuwa 2022 gidajen birnin sun ƙaru da kashi 12, haya ta tashi da kashi 1 kacal, alhali a sauran jihar Minnesota ta tashi da kashi 14. Sai dai in faɗi gaskiya, yawancin sababbin gidajen ba daga gida uku-ukun nan suka fito ba, daga manyan benaye ne a bakin manyan tituna, da kuma soke tilascin ware wurin ajiye motoci.

Mai_Zanen_Gida:
Wannan na ƙarshen ya fi yadda mutane ke zato muhimmanci. Na sha zana gida in ga filin mota ya cinye wurin ɗaki biyu.

Uwar_Biyu:
Duk na ji. Ni tambayata, me ya sa sai su ne za su zaɓa mana? Da an tambayi matan layinmu, ko ɗaya ba za ta ce kyamara ba.

Lauya_Ba_Riga:
Uwar_Biyu, akwai inda ake tambaya. Porto Alegre a Brazil ta fara a 1989: unguwa-unguwa ake taro, mazauna su jera bukatunsu, a ware wani kaso na kuɗin ayyuka bisa abin da suka zaɓa. A shekarun farko ruwa da magudanar ƙazanta da titi ne suka yi ta zuwa gaba a unguwannin talakawa. Paris ma ta ɗauka a 2014, da kashi 5 cikin 100 na kasafin manyan ayyuka. Amma kada a ɗauka maganin komai ne. A Porto Alegre ɗin kanta abin ya yi sanyi daga baya da mulki ya sauya hannu, ayyukan da aka zaɓa suka taru ba a yi ba.

Baban_Ummi:
In aka tambayi 'yan kasuwar layinmu kuma motar za su ce. Kowa inda ke masa ciwo yake taɓawa.

TsohonMa'aji:
Mai_Sa'ido, tunda ka fara zuwa kada ka daina. Kafin zama na gaba ka je ofishin sakatare ka nemi abu uku a rubuce: inda kuɗin motocin ya fito, abin da aka ware na mai da gyara da ajiyar bidiyo na shekara uku masu zuwa, da kuma kiyasin magudanar. Za su ce ka dawo gobe. Ka dawo. In ka ga layin gyara babu komai a ciki, ka riga ka san inda motocin za su ƙare. Kuma "sai kasafin baɗi" ba alkawari ba ne sai ka ga an rubuta aikin da sunan layinku da adadi a gefensa. Na rubuta "baɗi" da hannuna a kan aiki guda sau biyar.

Mai_Sa'ido:
Baba, na je yau da safe. Sakatare ba ya nan, amma wani ma'aikaci ya nuna mini takardar a tsaye. Motocin tallafi ne kamar yadda ka ce. Kyamarorin kuwa daga asusunmu ne, kwangilar shekara biyar. Ban ga layin mai ba, ya ce wataƙila yana wani shafin. Mai filin nan kuma na ji ya ɗaukaka ƙara.

Dan_Gudun_Haya:
In an sa ranar sauraro ka sanar da mu. Zan nemi izini a wurin aiki.

Hajiya_Mai_Lambu:
Ni ma ina zuwa, amma ba layinku ɗaya zan zauna ba. Mai_Zanen_Gida, turo mini sharuɗɗan tagogin nan a rubuce in tafi da su.

Uwar_Biyu:
Ku dai ku yi sauri. Hadari ya fara haɗuwa tun shekaranjiya, ni kuma na riga na ɗora katifu a kan tebur.